Shin Ko Kun San? Kumatun Ɓeran Halab da Bakin Mai Dashen Ɓargo

Shin ko kun san cewa idan aka tambayi waɗanda aka yi wa dashen ɓargo abin da ya fi gallabarsu, ba zubewar gashi suke fara ambata ba, ba kuma amai ba? Baki suke cewa. A wani bincike da aka wallafa a 2000, an zauna da mutum 38 da suka tsallake dashen, aka ce kowa ya faɗi abu guda da ya fi ba shi wuya. Kashi 42 cikin ɗari suka ce gyambon baki. Tashin zuciya da amai, waɗanda kowa ke jin tsoronsu tun daga gida, kashi 13 kawai suka samu.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Parakou ko Djougou da wannan magana. Da ruwansa, saboda sikila. A Jamhuriyar Benin kusan mutum ɗaya cikin biyar na ɗauke da irin sikila a jininsa, ga kuma irin da ake kira C, wanda ya yawaita a nan arewa har zuwa arewacin Gana da Burkina Faso. Kun san ma cewa a littattafan likitanci akwai wani jinsin gadon sikila da ake kira "na Benin"? A 1984 masana suka raba na Afirka gida uku: na Senegal, na Benin, da na Bantu. Namu shi ne ya mamaye Najeriya da maƙwabtanta. A Kwatano, Farfesa Mohamed Chérif Rahimy ya fara auna jarirai da bin lafiyarsu tun 1993, kuma ya nuna cewa kulawa mai sauƙin kuɗi na ceton yara da yawa. Amma kulawa daban, warkewa daban. Abin da ke tumɓuke sikila daga tushe shi ne dashen ɓargo, kuma saboda shi ake sayar da fili, a sayar da shanu, a hau jirgin Indiya ko Faransa.

Kar a rikice idan aka ji an ce "an yi dashen a Benin". An yi, amma a birnin Benin na jihar Edo a Najeriya ne, a asibitin koyarwa na jami'ar garin, a 2011, a hannun Dakta Nosakhare Bazuaye. Asibitin koyarwa na Legas ya bi sahu a 2024. Na farko na sikila a duniya kuwa, kusan a bisa katari aka same shi: a 1984 aka ba da labarin wata yarinya 'yar shekara 8 a Memphis ta Amurka da aka yi wa dashe saboda sankarar jini, sai ga shi sikilarta ma ta tafi.

Shin ko kun san dalilin da ya sa baki ke shiga cikin rigimar da ba tasa ba? Kafin a dasa sabon ɓargo sai an share tsohon, kamar yadda manomi ke sassabe ya ƙone kafin shuka. Magungunan sharar su ne irin su busulfan da melfalan da siklofosfamid, wani lokaci a haɗa da gashin jiki gaba ɗaya da hasken na'ura. Su kuwa ba su san ɓargo ba, ba su san baki ba. Abin da suka sani shi ne ƙwayar halitta mai saurin rabuwa. Fatar da ta lulluɓe cikin bakinku tana sabunta kanta duk mako ɗaya zuwa biyu, alhali ta bayan hannu kan ɗauki kusan wata. Saurinta ne ya ja mata. Maganin zai tsayar da masu haifar da sabuwar fata a can ƙasa, ta sama ta ci gaba da zubewa kamar yadda ta saba, babu mai maye gurbinta. Shi ya sa ranar da aka sa maganin ba a ganin komai. Sai bayan kwana biyar zuwa bakwai baki ya yi jajir, a mako na biyu ya tsattsage, sannan ya fara haɗewa daidai lokacin da sabon ɓargo ya kama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wa abin matakai tun 1979, kuma abin sha'awa, da abinci ta auna shi. Mataki na 1, zafi da ja. Na 2, akwai gyambo amma tuwo na wucewa. Na 3, sai kunu da ruwa. Na 4, ko ruwan ma ya gagara.

Na ji na 4 da kunnena. Wani maƙwabcinmu a Zongon Parakou ya kai ɗansa ƙasar waje, ƙanwar yaron ce ta ba da ɓargon. A kwana na tara bayan dashen na kira shi. Ya ce, "Malam, ka ji wannan ƙarar?" Na ce na ji kamar injin markaɗe can nesa. Ya ce na'urar zuƙe yawu ce, domin yaron ba ya iya haɗiye miyansa, sai ya zuba a kwano ko a tsotse masa da roba. Yaron da unguwa ta sani da surutu ya koma rubuta wa ubansa a takarda: "Baba, ruwa." A kawo ruwan, ya kalle shi, ya ture. Ta jijiya ake ciyar da shi, ta jijiya ake ba shi maganin zafi. Uban ya ce an gaya masa duk haɗurran da ke cikin aikin kafin ya sa hannu, ya kuma yi tawakkali, amma bai taɓa kawo wa ransa cewa baki ne zai sa shi fita baranda ya yi kuka ba. Yaron yana nan, ya koma makaranta, surutun ma ya dawo da ƙarinsa.

Kun san cewa gyambon na da wuraren da ya fi so? Cikin kumatu, cikin leɓe, gefen harshe da ƙarƙashinsa, da ganɗa mai laushi ta can ciki. Dasashi da ganɗa mai tauri da saman harshe sukan tsira, domin fatarsu na da wani ɓawo mai kauri. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Kuma ba zafin ne kaɗai matsala ba. Ƙwayoyin cuta kusan iri 700 ne aka san suna zama a bakin ɗan Adam. Gyambo ƙofa ce a buɗe zuwa cikin jini, a daidai makon da mara lafiya ba shi da sojojin jini ko na rantsuwa. Wani lissafi na 2001 ya gano cewa waɗanda bakinsu ya yi gyambo, kuɗin asibitinsu ya zarce na sauran da fiye da dala 42,000. Dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba.

Shin ko kun san cewa Bahaushe ya riga ya raɗa wa dabbar ɗakin bincike suna? Zakaran gwajin dafi. Maharbi ya gama dafa kwankwani, ba zai shafa wa kibiya ya shiga daji a kan zato ba, sai ya tsaga wa zakara ya gani. A ƙasar Borgu, inda kiban Bariba suka yi sunan da fatake ke jin tsoro tun daga Nikki, wannan ba tatsuniya ba ce. Kuma magungunan da muke magana a kansu, dafin ne na gaske. Melfalan da siklofosfamid jikokin iska mai guba ce ta yaƙi, wadda ake kira mastad. A 1942 wasu masana biyu a jami'ar Yale, Louis Goodman da Alfred Gilman, suka gwada 'yar'uwarta a kan ɓeraye masu ƙari, ƙarin ya motse. A ranar 2 ga Disamba 1943 kuma, jiragen Jamus suka fasa wani jirgin ruwan Amurka mai ɗauke da gubar a tashar Bari ta Italiya, likitoci suka ga fararen ƙwayoyin jinin waɗanda ta shafa sun ƙare. Bayan shekara goma aka haɗa melfalan a Landan.

To wane zakara za a gwada ciwon baki a kansa? Nan ne labarin ya yi daɗi. A 1990 wani likitan haƙori na Harvard a Boston, Stephen Sonis, da abokan aikinsa suka fitar da hanyar da har yau ake bi. Dabbarsu hamsta ce, wani ɗan ɓera mai ruwan zinariya, guntun wutsiya, ɗan asalin Siriya. Abin da ya ja masa shi ne aljihun kumatu. Kowane gefe akwai jaka da ta miƙe har kafaɗa, inda yake cusa hatsi ya kai rami. Idan aka sa shi barci, ana iya zaro jakar waje a juya ta kamar aljihun wando, a shimfiɗa, a ɗauki hoto, a mayar. Gobe a sake. A yi masa allurar wani maganin daji da ake kira 5-FU, a ɗan kakkarce cikin jakar da tsinin allura, a jira. Bayan kwanaki gyambo ya fito, ya yi tsanani, ya warke, kusan a kan jadawalin ɗan Adam. Sai a ba wasu hotunan, waɗanda ba su san wace dabba aka yi wa magani ba, su ba da maki daga 0 zuwa 5.

Duk wanda ya yi yarinta a nan ya san wannan aljihu, ko da bai taɓa ganin hamsta ba. Gafiya! Ina tuna wani rani a wani ƙauye kusa da Djougou, yayana ya tura hayaƙi a rami, muka tsaya da sanduna a ɗaya ƙofar. Da aka kama ta, ya ce, "Ƙane, matso ka ga ɓarauniya." Ya matsa kumatunta da babban yatsa, sai ga gyaɗa na zubowa, da ƙwallon kaɗanya, har da wani maɓallin riga. Ashe masu cewa gafiya tsira da na bakinki sun san abin da suke faɗa. Kun san cewa mutum ɗaya ne ya yi wa su biyun rajista a kundin kimiyya? George Waterhouse na Landan: hamstar Siriya a 1839, gafiyarmu a 1840. Sunan da ya ba gafiya, ma'anarsa "ɓera mai kama da hamsta". Ita ma dai ta samu aikin gwamnati daga baya: a Morogoro ta Tanzaniya ƙungiyar APOPO na horar da 'yan'uwanta su sansano nakiyoyi a ƙasa da tarin fuka a majina. Ɗaya daga cikinsu, Magawa, har lambar zinariya ya samu a 2020 saboda aikinsa a Kambodiya.

Shin ko kun san cewa kusan duk hamstar da ke ɗakunan binciken duniya 'yan gida ɗaya ne? A Kudus akwai wani masani, Saul Adler, mai binciken cutar da wani ɗan ƙuda ke yaɗawa, dabbobin gwajinsa na Sin sun ƙi haihuwa a keji. Sai abokin aikinsa Israel Aharoni ya tafi neman madadi. A watan Afrilun 1930, a wata gonar alkama kusa da Halab ta Siriya, aka haƙa rami mai zurfin sama da mita biyu, aka tarar da uwa da 'ya'ya 11, ko ido ba su buɗe ba. Da aka sa su a akwati uwar ta firgita ta far wa 'ya'yanta, dole aka kashe ta. Aka rene su da hannu. Wasu suka tsere, wasu suka mutu, 'yan ƙalilan suka rage, ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Amma hamsta cikin kwana 16 take yi. Cikin shekara guda sun kai 150. Aka aika wasu Ingila a 1931, Amurka a 1938. Wannan kusancin jini alheri ne ga mai bincike, tunda dabbobinsa kusan iri ɗaya suke amsa magani. Kuma a nan gizo ke saƙar, don mutane ba haka suke ba: mutum biyu, magani ɗaya, awo ɗaya, wannan ya sha kunu ya kwanta, wancan ya kasa haɗiye miyau.

Me ya sa sai an karce? Domin maganin shi kaɗai ba kasafai yake fasa kumatun hamsta ba. Jakar ba ta tauna, ba ta goga da haƙori. Kartar ce ke tsayawa a madadin abin da bakin mutum ke sha kullum: tsinin karyayyen haƙori, ƙashin kifi, busasshen burodi. A ganina wannan ɗan tsinin allura ya fi rabin sakamakon binciken amfani ga talaka, don ya nuna cewa guba na raunana fata, amma sau da yawa gugar yau da kullum ce ke ɓarke ta. Shi ya sa cibiyoyin dashe ke tura mutum wurin likitan haƙori tukuna, a cike rami, a cire ruɓaɓɓe, a goge kaifi. Shi ya sa kuma ake raba mai jinya da kilishi da ƙuli-ƙuli da gasasshiyar masara da yaji. Har da goro, duk da cewa goron ne ya raya garuruwan nan biyu, lokacin da ayarin Kano ke yada zango a Parakou da Zugu, wato Djougou, a hanyar Gwanja. Asuwaki ma a jingine shi, a ɗauki burushi mai laushi irin na jarirai. Abin da ya rage: koko mara zafi, kunun gyaɗa, sakwara mai laushi da miya mara barkono, dafaffen wagashi. Kurkure baki da ruwan gishiri da bakar-hoda, wato sodar yin burodi, ba kanwa ba.

Daga kumatun nan ne aka gane cewa ba ƙuna ce kawai ba. A da ana zaton maganin na kashe fatar sama ne, shi ke nan. Zuwa 2004 Sonis ya tsara abin zuwa zango biyar, ya nuna cewa wutar daga ƙasa take ci: maganin ya taɓa naman da ke ƙarƙashi da ƙananan hanyoyin jini, jiki ya saki sinadaran kumburi, su kuma su kira wasu, abin ya yi ta ninkuwa tun baki na nan lafiya lau a ido. Kafin a ga gyambo, an kwana biyu ana ɓarna. Ma'ana, maganin da zai yi aiki sai an ba da shi kafin mara lafiya ya ce wash.

Kun tuna ɓawon nan mai kauri? Bakin ɓera duk da shi aka lulluɓe, tunda mai gurgurar itace ne. Saboda haka ɓera ba ya saurin yin gyambo irin namu. A Dresden ta Jamus, Wolfgang Dörr ya kauce wa matsalar ta hanyar haska ɗan wuri ƙanƙani a ƙarƙashin harshen ɓera. Wasu kan shafa wa harshen shuɗin rini, inda fata ta yage ya kama, inda take lafiya ya wanke. A Adelaide ta Ostireliya kuma sun fi bin hanji, domin gyambon ba ya tsayawa a baki, yakan bi bututun har ƙarshensa, kuma ɓerayensu na ɗauke da ƙari na gaske, don a tabbatar maganin da ke kare baki bai kare sankarar ba. Af, ɓera ba ya amai. Halittarsa ce haka. Ba ya kuma cewa "nan ke mini zafi", sai dai a ɗora shi a sikeli kullum a ga ko ya rame. Sai a 2010 masana a Montreal suka fitar da ma'aunin karanta zafi a fuskarsa: runtse ido, kumburin hanci, yadda kunne da gashin baki ke kwanciya.

Shi kansa dashen, karnuka ne suka share masa hanya. Bayan ɓeraye sun nuna a 1951 cewa ɓargo na ceton wanda haske ya ƙone, E. Donnall Thomas ya gwada a kan mutane a 1957, babu wanda dashen ya ɗore masa. Ya koma kan karnuka shekara da shekaru, har ya gane sirrin dacewar jini tsakanin 'yan'uwa. Ya karɓi kyautar Nobel a 1990, shekarar da hamsta ta shiga aikin baki. Daga karnukansa na Seattle aka samo dabarar ba da metotireksat bayan dashe don hana sabon ɓargo yaƙar mai gida, wanda a yau ake yi a kwana na 1, na 3, na 6 da na 11. Shi ma yana ƙara wa gyambon gishiri, har wani lokaci likita ya fasa allurar kwana na 11 saboda halin da baki ke ciki.

To shin duk wahalar dabbobin nan ta haifi ɗa mai ido? Ta haifi ɗaya. A 1989 aka gano wani sinadari da jiki ke amfani da shi wajen umartar fata ta yi kauri. Kamfanin Amgen ya gwada shi a kan ɓeraye, harshensu ya yi kauri, suka jure guba. A kan mutum 212 masu sankarar jini da danginta, waɗanda aka yi wa shara mai tsanani da haske da magani, matsanancin gyambo ya sauko daga kashi 98 zuwa 63. Mataki na 4 ya sauko daga 62 zuwa 20. Amurka ta amince da shi a Disamban 2004, aka fitar da shi da sunan Kepivance. Amma da aka gwada shi daga baya a kan waɗanda melfalan kaɗai aka ba su, bai tsinana komai ba. Ga tsada.

Waɗanda suka ci jarrabawa a keji suka faɗi a gadon asibiti kuwa sun fi yawa. Akwai iseganan, wani makashin ƙwayoyin cuta da aka kwaikwayo daga jinin alade: ya yi abin a zo a gani a kumatun hamsta, a manyan gwaje-gwajen mutane ya tashi a tutar babu. Duk sanda kuka ji a rediyo an ce ganye kaza "ya warkar da gyambo a jikin ɓeraye", ku tuna da shi. Ba ƙarya aka yi ba, tafiyar ce ba a ko raba ta biyu ba.

Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin magungunan da suka fi aiki ba ta keji ya biyo ba? Ƙanƙara. A 1991 likitocin asibitin Mayo da abokansu suka ba masu karɓar allurar 5-FU ɓarɓashin ƙanƙara su riƙa juyawa a baki, minti biyar kafin allura, har tsawon minti 30. Gyambo ya ragu da kusan rabi. Hikimar ba ta da wuya: sanyi na tsuke hanyoyin jini, guba kaɗan ce za ta isa baki a ɗan lokacin da take yawo da ƙarfinta. A 2006 a Seattle aka gwada wa mutum 40 masu karɓar melfalan kafin dashe. Cikin masu tsotsar ƙanƙara, kashi 14 suka yi matsanancin gyambo. Cikin masu kurkurar ruwan gishiri, kashi 74. Sai dai tana da sharaɗi. Ba ta aiki sai ga maganin da ke saurin barin jini, kuma akwai wani, okzaliflatin, da sanyi ke tayar wa mai shansa da ciwon jijiya har ya ji maƙogwaro na shaƙewa. Sai da izinin likita.

Hasken leza kuma ɓera ne ya tona asirinsa. A 1967 a Budapest, Endre Mester ya aske bayan ɓeraye yana haska su da leza mai rauni, sai ya lura gashin waɗanda aka haska ya riga na sauran tsirowa. Bayan shekara 30, a Marseille, aka nuna cewa jan hasken na rage gyambo ga masu dashen ɓargo. A jagororin da ƙungiyar MASCC ta fitar a 2020, leza da ƙanƙara duk sun samu shiga. Zuma ma ta samu, amma a gefe: an ba da shawararta ne ga masu sankarar kai da wuya da ake yi wa gashi, ba masu dashe ba. Na san wannan ba zai yi wa masu sayar da zumar Donga daɗi ba. Ɗanyar zuma kan zo da ƙwayoyin da lafiyayye ba ya ko jin su, amma wanda aka share wa ɓargo ba lafiyayye ba ne.

Akwai mai tambaya, ya halatta a yi wa dabba haka? Tambaya ce mai kyau, musamman ga mutanen da suka tashi da jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Tun 1959 wasu Turawan Ingila biyu, William Russell da Rex Burch, suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da yanzu suka shiga dokokin ƙasashe da yawa: in akwai madadin dabba a yi da shi, in babu a rage yawansu, waɗanda aka ɗauka kuma a sassauta musu. Madadin ya fara samuwa. A Utrecht ta Holan, a 2020, an ɗebi 'yar tsokar bakin mutane aka rene ta a faranti har ta zama wasu 'yan dunƙulallun fata masu rai, aka zuba musu metotireksat ana kallon yadda suke mutuwa. Ba su da jini, ba su da yawu, ba su da haƙorin da zai goge su, don haka hamsta ba ta yi ritaya ba tukuna.

Kun san cewa ko sabon maganin sikila na gyaran ƙwayar gado bai tsere wa wannan ba? Casgevy, wanda Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba, an sa kuɗinsa a lokacin dalar Amurka miliyan 2.2, sama da sefa biliyan ɗaya. Ɓargon mutum na kansa ake gyarawa a mayar masa, amma kafin a mayar sai an share da busulfan, kuma gyambon baki na sahun gaba a jerin illolinsa. Masu neman hanyar kauce wa gubar sun kasu biyu. A 2009 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta yi wa manya 10 masu sikila dashe da shara mai sauƙi, 9 suka rabu da cutar. A Stanford kuma, tun 2007, an nuna a jikin ɓeraye cewa ana iya aika wani sinadarin garkuwa ya tsince iyayen ƙwayoyin jini su kaɗai, ya bar baki da hanji da gashi. An fara gwada shi a kan mutane.

Ba sai an hau jirgi ake gamuwa da ciwon nan ba. Jami'ar Parakou, wadda aka buɗe a 2001, na yaye likitoci, garin na da kundin rajistar masu ciwon daji tun 2017, kuma 5-FU da metotireksat da siklofosfamid na cikin magungunan yau da kullum na sankarar mama da ta hanji da ta yara. Awon bai kai na dashe ba, amma yakan isa ya hana mace cin abinci har ta ce ita da komawa allura ta gaba sai dai a lahira. Nan ake asarar mutane, ba don maganin ya kasa ba.

Ranar nan na bi ta kasuwar Arzeke da tsakar rana, na tsaya wurin wata yarinya mai kula cike da ƙanƙarar leda, ɗauri ɗaya dala biyar. Na ɗaga ɗaya a rana, na ga ɗan tsaki-tsaki a ciki. Na ce, "'Yan mata, da wane ruwa aka yi wannan?" Ta ce, "Na rijiyar gidanmu ne, Baba, mai sanyi ne." Na saya na sha abina. Ta mai jinya kuwa, sai an tafasa ruwan ya huce, a daskarar da shi a gida cikin kwano mai murfi, a farfasa ƙanana, a goge musu kaifi da ɗan ruwa kafin su shiga baki.